Takarda Ba Ta Hana Soro Yoyo

Duk ɗalibin da ya yi shekara guda a Jidda ya san Balad, tsohon garin da ke tsakiyar birni. Can muke kai baƙonmu idan ya sauke faralin Umara yana jiran jirgi. Mu ratsa da shi ta Bab Makka, mu shiga lunguna, mu nuna masa gidajen da aka gina da dutsen da ake haƙowa a bakin teku, masu hawa huɗu da biyar, da tagogin katakon nan masu sassaƙa da mutanen gari ke kira rawashin. Mu tsaya a ƙofar Gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka bayan ya shiga Jidda a ƙarshen 1925, a ɗauki hoto, a tura gida. A ɗaya daga cikin irin waɗannan dararen ne wani daga cikinmu, bayan ya gama yaba wa Larabawa, ya juyo ya ce kowa ya faɗi sunan gini ɗaya tak da hukuma ta amince da shi a matsayin abin tarihi a ƙaramar hukumarsu. Mun fi goma a wurin, daga mai karatun injiniya har mai karatun shari'a. Aka yi ta kallon juna.

Wannan shirun ne ya sa muka ɗauki alƙalami. Amma kafin mu koma gida, ya kamata mu gyara wani kuskure da muke yawan yi game da Balad ɗin kanta. Muna ganin ta a gyare, da fitilu da masu gadi, sai mu ɗauka haka take tun fil azal. Ba haka ba ne. A 1947 aka rushe ganuwar Jidda. Da kuɗin mai ya shigo, masu gidajen suka ƙaura zuwa sababbin unguwanni, suka bar wa 'yan haya, yawancinsu baƙi marasa ƙarfi. Tun zamanin magajin gari Muhammad Sa'id Farisi, wanda ya riƙe birnin daga shekarun 1970 zuwa tsakiyar 1980, aka bi lungu-lungu aka rubuta gidaje sama da 500 da doka ta hana a rushe. Rubutun bai hana gobara ba, bai hana ruɓewar katako ba, bai hana gida ya zube da tsakar dare ba. Shekara da shekaru gidajen suna cikin rajista suna kuma faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ko shigar da hukumar UNESCO ta yi wa Balad cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2014 ba ita ta tsayar da zubewar ba. Abin da ya sauya al'amarin shi ne lokacin da aka kafa ofis na musamman a cikin unguwar, aka ba shi kuɗi da ma'aikata, aka nemo masu sana'ar da suka san dutsen da katakon, aka ce ga wanda za a tambaya idan bango ya tsage.

To, mu a gida muna da rajista. Da yawanmu ba su san da ita ba, amma tana nan. Tun 1953 Turawan mulkin mallaka suka yi dokar kayayyakin tarihi, sannan a 1979 gwamnatin soja ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda ita ke riƙe da jerin har yau. Shekaru da dama adadin wuraren da ke cikin jerin yana tsaye a kan 65, a ƙasar da ke da ƙananan hukumomi 774. Amurka, da ta buɗe nata kundin a 1966, tana da wurare sama da 90,000 a ciki, kuma ko gundumar manoma ce mai mutane kaɗan za ka tarar an rubuta tsohuwar gadarta da tsohuwar makarantarta. Ingila tana da kusan 400,000. Ba muna kawo wannan don mu raina kanmu ba ne. Muna kawo shi ne don a ga cewa a wurinsu rajista abu ne mai rai da ake ƙara masa shafi kowace shekara, mu kuwa galibin namu an rubuta shi ne tsakanin ƙarshen mulkin Turawa da Jamhuriya ta Farko, daga nan sai alƙalami ya kusa bushewa.

Wani abin lura a ɓangaren Arewa na jerin shi ne yawancin wuraren ba a manyan birane suke ba. In ka cire Gidan Makama da ganuwar Kano, da ganuwar Zariya, da hasumiyar Gobarau ta Katsina, yawancin sauran sai ka bi hanyar karkara. Kangon Surame, birnin da Muhammadu Kanta na Kabi ya gina a ƙarni na 16, yana daji a yankin Binji ta Jihar Sakkwato, kuma tun 1964 aka shigar da shi. Kaburburan Durɓi ta Kusheyi suna ƙasar Mani. Akwai tsohon masallacin Bebeji, da na Maigana a ƙasar Zazzau, da zanen duwatsun Birnin Kudu. Sukur, wuri na farko a Najeriya da UNESCO ta amince da shi a 1999, yana kan dutse a Madagali, kuma ya ɗanɗana ɓarnar Boko Haram a 2014.

Bari mu tsaya a wuri guda, domin gani ya kori ji. Kafin Madaki shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Ganjuwa a Jihar Bauchi. A can ne Gidan Madaki yake, wanda mutanen gari ke kira Babban Gwani, da laƙabin maginin da ya gina shi wajejen 1860, wato Malam Muhammadu Durugu. Shi ne ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, a shekarun 1830. A 1956 aka ayyana Gidan Madaki abin tarihi na ƙasa, yana cikin na farko-farko a duk faɗin Najeriya, tun kafin a ba mu 'yancin kai. Wanda ya taɓa shiga ɗakin da Babban Gwani ya ɗaure rufinsa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Babu ƙarfe, babu siminti. Tubali ne da birji da azarar giginya, wadda gara ba ta iya ci da sauƙi. Ana jera azarar ne gajeru-gajeru, kowace tana ɗan leƙowa gaban ta ƙasanta, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa, har bakan da ya taso daga wannan bango ya sadu da wanda ya taso daga wancan a can sama. In baka ɗaya ne a ce bakan gizo, in sun gitta juna a ce ɗaurin guga. Injiniyoyin da ke cikinmu sun san cewa wannan lissafi ne na nauyi da tazara, wanda mutumin ya riƙe a ka ba tare da takarda ba. Wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Foland, Dmochowski, ya yi shekaru yana auna irin waɗannan gine-gine yana zana su, kuma saboda aikinsa ne aka gina kwaikwayon masallacin Zariya a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Sai dai ginin ƙasa yana da sharaɗi guda wanda ginin dutse ba shi da shi: ba ya yarda a manta da shi ko da na damina biyu. Ruwa ne abokin gabarsa. Kafin saukar ruwa dole a hau soro a share, a duba indararo, a toshe tsaga, a sabunta yaɓe, a shafe da makuba ko laso. In aka yi sakaci indararo guda ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro, ya sami kan azara, to shekara ɗari da hamsin na iya tafiya a dare ɗaya na watan Agusta. Saboda haka tambayar da ta fi kowace muhimmanci game da ginin ƙasa ita ce: wane ne zai hau soron nan a watan Afrilu, kuma wa zai biya shi?

A da akwai amsa. Akwai Sarkin Magina da mutanensa, waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni. Akwai hakimi da dagaci da ke iya kiran gayya. Daga baya akwai En'e da baitulmalinta da sashen ayyukanta. Ba mu ce wancan tsari ba shi da zalunci ba. Aikin ganuwa da na gidan sarki sau da yawa aikin tilas ne, kuma talaka ne ke ɗaukar ƙasa a ka. Amma an san wanda nauyin ke wuyansa. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da baitulmali da ikon zartarwa, ya miƙa su ga sababbin majalisu, amma babu wanda ya tuna ya miƙa wa wani yaɓen soro. A gefe guda kuma, da zarar an ayyana gini abin tarihi na ƙasa, doka ta hana a sauya masa fasali sai da izinin hukumar tarayya. Niyyar mai kyau ce. Sakamakonta a ƙauye shi ne ginin ya tashi daga "namu" ya koma "na gwamnati". Mai gari yana tsoron taɓawa kada a ce ya karya doka. Shugaban ƙaramar hukuma ya ce ba huruminsa ba ne. Jiha ta ce na tarayya ne. Tarayya kuwa tana Abuja, da ƙaramin kasafi da ɗaruruwan buƙatu, daga Benin har Dikwa. Abin da ke isa ƙauyen shi ne allo mai ɗauke da sunan hukuma, wani lokaci da maigadi guda.

Kada a ce muna kururuta abin da bai kai ya kawo ba. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta a kan masallata, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu da rahama. Wannan a ƙofar fadar Zazzau ke nan, a garin da ke da babbar jami'a mai sashen nazarin gine-gine. A Legas, a watan Satumba na 2016, aka wayi gari an baje Ilojo Bar, gidan da shi ma tun 1956 yake cikin rajistar ƙasa. In haka ta faru a idon jama'a, me ake tsammani a inda ɗan jarida ba ya zuwa sai an sace mutane?

A nan ne maganar ta zama ta siyasa, wadda ita ce hurumin wannan mujalla tamu. Tsarin mulkin 1999 ya ba majalisar tarayya iko a kan wuraren da aka ayyana na ƙasa, amma a fili ya bar wa majalisun jihohi damar yin doka a kan duk wanda ba a ayyana ba. Ke nan babu abin da ya hana Bauchi ko Jigawa ko Katsina ta buɗe nata kundin. Jadawalin da ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi ya ambaci kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da mahauta, har da sa wa tituna suna da ba gidaje lamba, bai ambaci wuraren tarihi ba. Amma jadawalin da kansa ya bar ƙofa ga majalisar jiha ta ƙara musu aiki. Sannan ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Mun san yadda ake ta jan ƙafa wajen aiwatarwa. Duk da haka, uzurin da ciyaman ya saba bayarwa, cewa kuɗin yana hannun gwamna, ya fara rasa madogara a gaban shari'a. Kuɗin yaɓen gini guda a shekara bai kai na motar da ake saya wa shugaban majalisar kansiloli ba.

Mun san abin da za a ce mana, domin mun faɗa wa junanmu. Za a ce mutanen da 'yan bindiga suka hana noma, waɗanda asibitinsu ba magani, makarantarsu ba rufi, su za ku je wa da zancen tsohon bango? Wannan magana tana da nauyi, kuma duk wanda ya amsa ta da gatse bai san ƙauye ba. Ba mu ce a ɗauki kuɗin magani a sayi makuba ba. Akwai yankunan Zamfara da gabashin Sakkwato da a yau ko mai auna gini ba zai iya shiga ba, kuma a can rai ne a gaba. Amma Ganjuwa da Bebeji da Birnin Kudu ba sa cikin wannan hali. Kuma kuɗin da aka kashe a gyaran ginin ƙasa ba ya fita daga gari: magini ɗan gari ne, mai jaki da ke kawo ƙasa ɗan gari ne, mai sayar da azara da matar da ke tara ɓawon ɗorawa duk 'yan gari ne. Kwangilar siminti da kwano kuwa rabinta a birni take ƙarewa.

Akwai kuma masu ɗari-ɗari ta fuskar addini, masu tsoron kada kula da kufai da kaburbura ya buɗe ƙofar girmama abin da bai kamata ba. Mu da muke zaune a wannan ƙasa mun fi kowa sanin wannan ra'ayi, mun kuma san abin da aka yi hasara a Hijaz a tsawon ƙarni guda. Amma mun ga da idonmu yadda tun 2018 gwamnatin nan ta ɗauki aikin gyara tsofaffin masallatai na ƙauyuka, guda 30 a kashin farko, da irin kayan da aka gina su da shi tun asali, ta mayar da su ana salla a ciki. Gyara rufin masallacin da kakanninka suka yi sujada a ciki ba bautar gini ba ne.

Yanzu sai mu juyo kanmu, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wane ne ke rushe tsohon masallacin ƙauye? Sau da yawa ba gwamnati ba ce. Mu ne. Ƙungiyar ci gaban gari ce ke buɗe asusu, 'yan gari mazauna Kano da Abuja da Jidda da Landan su tura gudummawa, a kawo katafila ranar Asabar, a wayi gari babu ginshiƙi babu ɗaurin guga. Bayan shekara a tura mana hoton sabon masallaci mai tayil da koren kwano, wanda aka kwaikwayo daga hoton da mu ɗin muka aika daga nan, mu yi ta sa albarka. Ɗaya daga cikinmu ya ba mu labarin yadda ya ba da riyal ɗinsa a irin wannan aiki da zuciya ɗaya, sai da ya je hutu ya nemi ko hoto guda na cikin tsohon masallacin da aka yi masa suna a ƙofarsa, bai samu ba. Ba mu zargin mutanen gari. Wanda ke salla ƙarƙashin soron da ke yoyo, yana jin labarin Zariya, yana da hujjar neman kwano. Laifinmu shi ne mu da muka yi karatu, muka ga duniya, ba mu taɓa kawo musu zaɓi na uku ba.

Zaɓin kuwa yana nan kusa, a tsallaken iyaka. A ƙauyen Yama da ke jihar Tawa ta Nijar, wani magini manomi, Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'a na ƙasa a 1962 tare da gayyar mutanen gari, suka yi ta ƙara masa kyau shekara bayan shekara, har ya ci lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji, a jihar dai, da jama'a suka buƙaci babban masallaci, sai Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka gina sabo da bulon ƙasa a gefe, suka gyara tsohon ya zama ɗakin karatu. An kammala a 2018. Hasumiyar Agadas, mai tsawon mita 27, tana tsaye ne domin ba a daina yi mata yaɓe ba, kuma tana tsaye ɗaruruwan shekaru kafin UNESCO ta rubuta sunan garin a 2013.

Kada a fahimce mu cewa rajista ba ta da amfani. Jidda ta koya mana wannan ma, ta hanya mai ciwo. Daga ƙarshen 2021 aka shiga rushe unguwanni da dama a kudanci da tsakiyar birnin, irin su Karantina da Sabil da Gulail, inda Hausawa da sauran Takari suka zauna tsawon zuriya bayan zuriya. Mu baƙi ne, ba namu ba ne mu yanke wa masu gari hukunci a kan tsarin birninsu. Abin da muka lura da shi kawai shi ne katafila ta tsaya a iyakar Balad, domin Balad tana rubuce. Zaurukan da alhazanmu na ƙafa suka sauka, da makarantun allon da 'ya'yansu suka yi karatu, babu wanda ya taɓa auna su ko ya rubuta su, har da mu da muke zuwa can cin tuwo ranar Juma'a.

Don haka buƙatarmu biyu ce a haɗe, kuma muna son a kai ta gaban masu neman ƙuri'a kafin 2027. Majalisun jihohinmu su yi dokar da za ta ba kowace ƙaramar hukuma damar buɗe kundin wuraren tarihinta, wanda mutanen gari da kansu za su ba da sunayen abin da za a shigar: masallaci, zauren hakimi, ƙofar gari, marina, rijiya, tsohuwar firamare ta En'e, tashar jirgin ƙasa da ta daina aiki. Kowane suna da ya shiga kundin kuma ya zo da mutum da kuɗi, wato magini sananne da aka ɗora wa alhakinsa, da layi a kasafin ƙaramar hukuma da kowa zai iya karantawa. Wuraren da ke hannun tarayya, irin Gidan Madaki, hukumar ƙasa ta ƙulla yarjejeniya a rubuce da masarauta da ƙaramar hukuma, ta yadda gyaran shekara-shekara ba sai ya jira takarda daga Abuja ba. Ita ta riƙe sa ido da horarwa, ta hana a lafta siminti a kan ƙasa, wanda ke kulle danshi a ciki ya ruɓar da bango. Sana'ar kanta tana buƙatar magada. Gwanayen da suka iya ɗaurin guga tsufa suke yi, 'ya'yansu sun koma bulo, giginyar ma tana ƙaranci. In kwalejojin fasaha na jihohinmu ba su ɗauki waɗannan dattawa su koyar ba, nan gaba kaɗan ko an ware kuɗin babu wanda za a ba.

Namu rabon ba ya jiran doka. Yawancinmu muna zuwa gida a dogon hutu, wanda ke faɗowa daidai tsakiyar damina, lokacin da duk wata tsaga ke bayyana. Muna ba shugabannin ƙungiya shawara su fitar da takarda mai shafi ɗaya da kowane ɗalibi zai tafi da ita: sunan gini, unguwa, wanda ya gina in an sani, wanda ke kula da shi yanzu, tsawo da faɗi, hotunan ciki da waje da na saman soro, da muryar dattijo guda yana ba da labarinsa. A nemi izinin mai gari tukuna, a kuma bar masa kwafi. Abin da aka tara a ajiye a wurin sakataren ƙungiya, a aika kwafi ga sashen tarihi na jami'ar da ta fi kusa da garin. Sannan duk wanda aka turo wa lambar asusun ginin sabon masallaci, kafin ya tura riyal ko fam, ya tambayi abin da za a yi da tsohon.